Google Maps, DB Navigator ko Trainline: Wace Manhaja Za Ka Dogara da Ita a Jirgin Ƙasa a Ƙasar Waje?

Wanda ya saba da jirgin Abuja zuwa Kaduna bai taɓa buƙatar manhajar tsara hanya ba. Layin ɗaya ne, daga Idu ta Kubwa zuwa Rigasa, jiragen da ke tashi a rana kuma 'yan ƙalilan ne, wahalar duk tana wajen samun tikiti. A Turai tikiti ba ya wuya, hanyar ce ke da rassa. Daga filin jirgin saman Frankfurt zuwa Köln a Jamus kaɗai, akwai ICE, jirgi mai sauri na dogon zango, mai bin sabon layi da ke isa cikin kimanin sa'a ɗaya, akwai mai bin gaɓar kogin Rhine ta Koblenz da ke cin fiye da sa'a biyu, akwai kuma ƙananan jiragen yanki da sai ka sauya a hanya. Kowanne da farashinsa, kuma tikitin wannan ba lallai ya shigar da kai wancan ba.

Manhajojin da ake wa baƙo tallarsu iri uku ne, ko da yake a fuskar waya duk kamarsu ɗaya. Akwai na taswira, irin su Google Maps da Citymapper. Akwai na kamfanonin da suka mallaki jiragen: DB Navigator a Jamus, SNCF Connect a Faransa, Trenitalia da Italo a Italiya, SBB Mobile a Siwizalan. Sai na dillalai, Trainline da Omio, waɗanda ba su da ko tarago ɗaya, tikitin wasu suke sayarwa su ci la'ada. A ranar da komai ya tafi daidai, duk ukun za su kai ka. Bambancinsu yana fitowa ne ranar da jirgi ya makara, ko aka sauya dandamalin hawa jirgi saura minti huɗu, ko aka soke tafiyar baki ɗaya, kuma da wannan ranar ya kamata mutum ya auna su.

Google Maps ita ce ke cikin wayar kowa tun daga gida, kuma akwai aikin da babu mai kama ƙafarta a kai. Tana ɗaukar ka daga ƙofar masauki: ka yi tafiyar ƙafa minti shida, ka hau bas lamba kaza, ka sauka a tasha kaza, ga jirgin da za ka tarar. Ba ta damu da ka san sunan tasha ba, sunan otal ko na masallaci ma ya ishe ta. A manyan birane irin su Landan da Paris da Berlin, Citymapper ta ɗan fi ta, don takan gaya maka ka shiga gaban jirgi ko bayansa, da ƙofar da za ka fita idan ka sauka, abin da ke da muhimmanci ga mai jan akwati biyu a tashar ƙarƙashin ƙasa.

Amma da zarar tafiya ta fita daga gari zuwa gari, rauninta yana bayyana. Tana nuna jirage ne kawai, ba ta san wane tikiti ke aljihunka ba. Za ta jera maka ICE na kamfanin Deutsche Bahn (DB) kusa da koren jirgin Flixtrain kamar abu ɗaya ne, alhali tikitin wannan ba ya aiki a wancan. Labarin jinkiri kuma gwargwadon abin da kamfani ya ba ta ne, wani wuri cikakke, wani wuri jadawalin takarda kawai. Abin da ya fi kama mutane shi ne batun data. Da yawa suna sauke taswirar gari a waya suna ganin sun gama shiri, ba su san taswirar da aka sauke hanyar mota kaɗai take bayarwa ba. Hanyar jirgin ƙasa da ta bas sai da intanet. A ganina Google Maps ta neman tasha ce da fita daga tasha. Tsakanin tashoshin biyu, a nemi wata.

DB Navigator, da dalilin da ya sa ake shan wahalar koyonta

Ko ba Jamus za ka ba, wannan manhaja ta cancanci zama a wayarka, saboda rumbun jadawalinta ya ƙunshi jiragen mafi yawan ƙasashen Turai. Kana iya tambayar ta hanya daga Amsterdam zuwa Wien (Vienna), ko daga Praha (Prague) zuwa Budapest, ta jero maka sauye-sauyen da mintocinsu, ko da ba za ta iya sayar maka da tikitin duka ba. Tana da Ingilishi, kyauta ce, kuma neman hanya ba ya buƙatar buɗe asusu.

A cikin Jamus kuwa ba zaɓi ba ce, dole ce, kuma dalilin ba abin alfahari ba ne ga Jamusawa. Sunan da ƙasar ta yi na kiyaye lokaci bai shafi jiragen ƙasanta na yanzu ba. A 2024 kashi 62.5 cikin 100 ne kacal na jiragen dogon zango suka isa a kan lokaci, kuma a lissafin kamfanin duk jirgin da bai kai minti shida da makara ba ana sa shi cikin masu kiyaye lokaci. Layukan sun tsufa, sun cika, ana gyare-gyare ko'ina. Wanda zai sauya jirgi sau biyu a rana ɗaya ya sa a ransa cewa ɗaya daga ciki na iya kuɓuce masa. A nan manhajar kamfanin ke nuna amfaninta, don ita ce farkon mai samun labari: lokacin isowa zai koma ja, lambar dandamali za ta sauya, saƙo ya shigo cewa ba za ka tarar da jirginka na gaba ba, ga wasu hanyoyi. Sanarwar lasifika sau da yawa da Jamusanci take fita, cikin amsa-kuwwar tasha. Kafin ka gane me aka ce, jama'a sun kwashi kaya sun gangara matakala sun bar ka tsaye.

Ga misalin abin da taswira ba za ta taɓa nuna maka ba. Wasu daga cikin jiragen ICE da ke tashi daga Berlin zuwa yammacin ƙasar jirage biyu ne aka haɗa baki da baki. Idan sun isa garin Hamm sai a raba su, rabi ya nufi Köln, rabi ya nufi Düsseldorf, kuma babu ƙofar ratsawa daga wannan zuwa wancan yayin da ake tafiya. A dandamali, idan ka ɗaga kai, za ka ga alluna masu haruffa A, B, C har zuwa gaba, kowane harafi yanki ne na tsawon dandamalin. DB Navigator tana zana maka jirgin tarago bayan tarago, ta nuna cewa masu lamba ashirin da wani abu za su tsaya a wajen haruffa kaza, masu talatin da wani abu a wajen kaza, da inda kowane rabi ya dosa. Sai ka ja akwatinka ka je ka tsaya a ƙarƙashin harafinka tun jirgin bai iso ba. A ciki kuma, saman kowace kujera ko gefenta akwai ɗan allo mai haske. Idan an rubuta sunan garuruwa biyu, wani ya kama kujerar tsakanin waɗannan garuruwa. Idan babu komai, zauna abinka. Kama kujera ba wajibi ba ne a ICE na cikin gida, ana biyan kuɗinsa daban, amma ranar Juma'a da yamma ko Lahadi wanda bai kama ba yakan ƙare a zaune kan akwatinsa a bakin ƙofa.

Sai batun kuɗi. Tikitin araha, Sparpreis da Super Sparpreis, a ɗaure yake da jirgin da ka zaɓa; idan ka makara don kanka, ya tafi da kuɗinka. Flexpreis ya fi tsada, amma kowane jirgi na wannan hanya a ranar naka ne. To amma idan laifin kamfani ne, har ana hasashen za ka isa inda za ka da jinkirin minti 20 ko fiye, ɗaurin ya kwance, kana iya hawa wani jirgin da tikitin nan naka na araha. Manhajar takan rubuta maka hakan ƙarara, kuma abin da za ka nuna wa mai duba tikiti ke nan. Dokar Tarayyar Turai ta kuma tanadi diyya: kashi 25 cikin 100 na kuɗin tikiti idan jinkiri ya kai sa'a ɗaya, rabi idan ya kai sa'a biyu. Wanda ya sayi tikiti ta asusunsa a manhajar yana neman diyyar a nan cikinta, ba sai ya je layi ko ya cike takarda ba.

Abu biyu zan ce a gyara da hannu. Na farko, lokacin sauya jirgi. Manhajar na iya ba ka minti bakwai a babbar tasha, abin da ya ishi ɗan gari mai jakar baya, bai ishi mai iyali da kaya ba. A cikin zaɓuɓɓukan nema akwai wurin da za ka ce kana son aƙalla minti 20 ko 30. Yi amfani da shi. Na biyu, tikitin wata na Deutschlandticket, wanda aka fara a Mayun 2023 kan yuro 49, ya koma 58 a 2025, ya koma 63 a 2026. Yana shigar da kai bas da jirgin cikin gari da jiragen yanki a duk faɗin ƙasar, amma ban da jiragen dogon zango, wato ICE da IC da EC. Akwai maɓallin da ke tace maka hanyoyin da tikitin ya halatta kaɗai, kuma wanda bai taɓa shi ba zai iya tsintar kansa a ICE ana rubuta masa tarar da ba ta gaza yuro 60 ba. A kuma tuna biyan wata-wata ne mai sabunta kansa: idan ba ka soke kafin 10 ga wata ba, za a cire maka na watan gaba ko da ka riga ka dawo Kano.

Sauran manhajojin kamfanoni haka suke, kowace sarauniya ce a ƙasarta. SBB Mobile tana ba ka sauyin minti huɗu ko biyar a Bern ko Zürich, kuma can ana iya yarda da shi, don an tsara jadawalin ƙasar ne yadda jirage za su haɗu a manyan tashoshi lokaci guda. A Faransa ba a sanar da dandamalin jirgi mai sauri na TGV sai saura kimanin minti 20, ana kuma rufe shiga saura minti biyu, don haka SNCF Connect a hannu ta fi tsayuwa cikin cunkoso ana kallon allo. Aibinsu ɗaya ne: kowace kayan gidansu take talla.

Inda dillali ya fi mai kaya

Wannan aibin ne ya buɗe wa Trainline da Omio kasuwa. A Italiya, tun 2012 kamfani mai zaman kansa na Italo ke gogayya da jirgin Frecciarossa mai sauri na Trenitalia a kan layi ɗaya, Milano zuwa Roma cikin kimanin sa'a uku. Manhajar Trenitalia ba za ta nuna maka Italo ba, ta Italo ma ba za ta nuna maka Trenitalia ba. A Sifaniya, tsakanin Madrid da Barcelona, kamfanoni uku ne: Renfe, da Ouigo da ya shigo a 2021, da Iryo da ya biyo baya a 2022. Jirage biyu na iya tashi rabin sa'a tsakani, farashin ɗaya ya ninka na ɗayan. Trainline tana jera su duka a shafi guda, kuma a waɗannan ƙasashe biyu wannan kaɗai ya isa dalilin sauke ta. Omio, wadda aka kafa a Berlin da sunan GoEuro kafin ta sauya suna a 2019, tana ƙara bas da jirgin sama da na ruwa a cikin jerin, abin da ke da amfani ga ɗalibin da aljihunsa ya fi lokacinsa ƙunci. Rome2Rio, wadda Omio ta saya a wannan shekarar, ta tambayar farko ce kawai: shin ma akwai jirgin ƙasa tsakanin nan da can?

Akwai wata fa'idar da ta shafe mu musamman, wato biyan kuɗi. Shafukan wasu kamfanonin ƙasa sukan ƙi katin banki na waje ba tare da bayani ba, dillalan kuwa da baƙi suke kasuwanci, sun fi sauƙin karɓa, kuma suna da hanyoyin biya fiye da ɗaya. Asusu ɗaya, harshe ɗaya, tikitocin ƙasa huɗu a wuri guda. La'adar da suke ɗorawa ba ta da yawa, kuma ga wanda katinsa ya ƙi shiga wani wuri, ba asara ba ce.

Ba a la'adar gizo ke saƙa ba. Dillali kamar ɗan kamasho yake a tasha: shi ya karɓi kuɗinka ya nuna maka mota, amma idan ta lalace a daji, direba ne a gabanka, ɗan kamasho yana can gari. Haƙƙinka na diyya bai faɗi ba don ka saya a wajen dillali, sai dai sauya tikiti ko mayar da kuɗi galibi ta hannunsa zai bi, ma'aikacin da ke kanta a tasha na iya ce maka ka koma inda ka saya. Mafi haɗari kuma shi ne ɗinki. Dillali na iya nuna maka tafiya ɗaya daga Köln zuwa Lyon, alhali tikiti biyu ne ko uku na kamfanoni daban-daban ya jera. Idan tikiti ɗaya ne tun daga farko har ƙarshe, jirgin farko ya makara ka rasa na biyu, wajibin kamfani ne ya kai ka ba tare da ƙarin kuɗi ba. Idan daban-daban ne, wannan kariyar ta doka ba ta tabbata ba, sai abin da yarjejeniyar kamfanonin ko kirkin ma'aikaci ya ba ka. Doka ta wajabta wa mai sayarwa ya faɗa maka wanne ne, kuma suna faɗa, da ƙananan haruffa a shafin ƙarshe kafin biya. Karanta wannan layin. Idan tikitocin a rabe suke, bar sa'a guda tsakani, ba minti goma sha biyar ba.

Abin da na fi gani da hikima shi ne a yi cinikin ido a Trainline, a ga wa ya fi araha, sannan idan kati ya yarda a je a saya a manhajar mai jirgin. Idan kati ya ƙi, a saya a wajen dillalin, amma a bi tafiyar a manhajar kamfanin ranar tashi.

Birtaniya ta ɗan bambanta. Kowane kamfanin jirgi can yana sayar da tikitin duk ƙasar, a farashi ɗaya, ba la'ada. Manhajar kamfanin LNER za ta sayar maka da tikitin Manchester ko da jirginta ba ya zuwa can. Don haka abin da Trainline ke ƙara maka shi ne sauƙin amfani da dabarar raba tikiti, inda ake yanka tafiya gida biyu a jirgi ɗaya don kuɗin ya ragu. Abin da ya fi zaɓen manhaja tasiri ga ɗalibi shi ne katin rangwame na Railcard, mai rage kashi ɗaya cikin uku, da sanin cewa tikitin Advance, wato na araha da ake saya da wuri, na jirgi ɗaya ne tak. Ranar Lahadi kuma a duba da kyau, ranar gyaran layi ce, sau da yawa bas ke maye gurbin jirgi a wani yanki na hanya.

Rail Planner dabam take da duk waɗannan. Manhajar tikitin yawo ce, wato tikiti ɗaya da ake hawa jirage da yawa da shi, Eurail ga wanda ba mazaunin Turai ba, Interrail ga mazauni, mai aiki a ƙasashe 33. Abin da ya sa wasu ke sauke ta ko ba su sayi tikitin ba shi ne jadawalinta yana zaune a cikin waya, ana nema ba tare da intanet ba. Wannan babban abu ne a cikin rami ko a ƙauyen da sabis ya ɗauke. Sai dai abin da ke cikin waya jadawalin da aka tsara ne, ba abin da ke faruwa yau ba. Gyaran layi na mako ɗaya ko yajin aiki na iya wuce ta. Shi kansa tikitin yawon yana da riba a Jamus da Ostiriya da Siwizalan, inda za ka hau kawai. A Faransa da Italiya da Sifaniya jirage masu sauri sai da kujerar da aka kama, da kuɗinta daban, yuro 10 zuwa 20 a TGV na cikin gida, kuma a wasu hanyoyin kujerun da aka ware wa masu wannan tikiti kan ƙare da wuri. Mai zuwa gari biyu ko uku da ya san ranakunsa, tikitin araha da aka saya da wuri ya fi masa.

Abin da babu manhajar da za ta tambaye ka

Babu ɗaya daga cikinsu da ta san launin fasfonka. Ka nemi hanya daga Paris ko Brussels zuwa Landan, duk za su nuna maka jirgin Eurostar, sa'a biyu da 'yan mintoci, su karɓi kuɗinka. Bizar Schengen, wadda ke shigar da kai yawancin ƙasashen Turai, ba ta shiga Birtaniya, ta Birtaniya ma ba ta shiga Faransa, kuma ana duba fasfo tun a tashar tashi, ana rufe ƙofa rabin sa'a kafin jirgi ya motsa. Mai bizar shiga sau ɗaya ya lura kada hanya ta fitar da shi daga yankin Schengen, don ba zai iya komawa ba. Ko a cikin yankin ma, Jamus ta dawo da bincike a duk iyakokinta na ƙasa tun Satumban 2024, 'yan sanda kan shiga jirgi a tashar farko bayan iyaka. Fasfo ya kasance a jikinka, ba a akwatin da ka bari a masauki ba.

Sunayen tashoshi ma sai ka kiyaye da kanka, don manhaja abin da ka rubuta take bi. Frankfurt biyu ne: na bakin kogin Main, inda filin jirgin yake, da na bakin Oder can iyakar Poland. Filin jirgin kansa tasha biyu gare shi, ta jiragen dogon zango da ta na yanki. Bruxelles-Midi da Brussel-Zuid tasha ɗaya ce. Venezia Mestre tana kan tudu, wadda ke cikin ruwa ita ce Santa Lucia. Paris kuwa ba ta da babbar tasha guda: mai zuwa daga Brussels a Gare du Nord zai sauka, jirgin Lyon ko Marseille daga Gare de Lyon yake tashi, tsakaninsu sai ka gangara ƙasa ka hau jirgin cikin gari na RER layin D, tasha biyu, da tikitinsa daban. A fuskar waya wannan ɗan layi ne siriri tsakanin jirage biyu. Da kaya da yara, aikin sa'a guda ne.

Sai layin waya. Lambar sirrin da banki ke turowa don tabbatar da biya tana zuwa ne ga layinka na gida. Idan ka cire shi ka sa na can, ciniki ya tsaya. Waya mai layi biyu ko eSIM na magance wannan, kuma kafin ka tashi ka tambayi bankinka ko katin zai yi aiki a waje da iyakar abin da zai biya. Layin da aka saya a wata ƙasar Tarayyar Turai yana aiki a sauran ba ƙarin kuɗi tun 2017, amma Siwizalan da Birtaniya ba sa cikin wannan doka, sai ka duba ko kamfaninka ya haɗa da su. Kowane tikiti ka saya, ɗauki hoton lambarsa mai murabba'i ka ajiye, ka riƙi abin cajin tafi-da-gidanka. Mai duba tikiti ba ya karɓar uzurin mutuwar batir. A Italiya, tikitin takarda na jirgin yanki sai an buga masa hatimi a na'urar bakin dandamali kafin a hau. Ranar yajin aiki kuma, wanda ba baƙon abu ba ne can, jiragen yanki na ranakun aiki suna da sa'o'in da aka lamunce, 6 zuwa 9 na safe da 6 zuwa 9 na dare.

Saudiyya da Sin

Mutanenmu sun fi zuwa waɗannan ƙasashe biyu fiye da Turai, kuma a duka biyun zaɓin ya fi sauƙi. A Saudiyya, jirgin Haramain, wanda aka buɗe a 2018, layi ɗaya ne mai tsawon kimanin kilomita 450 da tashoshi biyar: Makka, Sulaimaniyya a Jidda, filin jirgin saman Sarki Abdul'aziz, birnin tattalin arziki na Sarki Abdullah, da Madina. Yana gudun kilomita 300 a sa'a, Makka zuwa Madina ƙasa da sa'a biyu da rabi. Babu hanyar da za a tsara, kujera ce za a kama, don haka manhajar HHR Train ko shafin hukumar jirgin ya wadatar, dillali ba shi da abin da zai ƙara sai la'ada. A Ramadan da lokacin aikin Hajji kujeru na ƙarewa da wuri. A lura Jidda tasha biyu gare ta, kada mai sauka daga jirgin sama ya kama ta cikin gari. An ƙayyade kaya, babban akwati ɗaya da bai wuce kilo 25 ba da jakar hannu, abin da ke ba masu tsaraba matsala. Tashar Makka tana unguwar Rusaifa, sai an ƙara da bas ko tasi zuwa Harami, nan ne Google Maps ke dawowa da amfani. Mai niyyar Umara daga Madina kuma ya san jirgin ba ya tsayawa a miƙati, ya shirya haraminsa tun kafin ya hau.

A ƙasar Sin kuwa Google Maps ba ta aiki a layin gida, ko ta buɗe ma taswirarta ba abin dogaro ba ce. Amap ko taswirar Apple ake bi. Tikiti kuma tsakanin biyu ne: 12306, manhajar hukumar jiragen ƙasar, da Trip.com. Ta farko ba ta cin la'ada kuma tana da Ingilishi, sai dai dole ka yi rajista da fasfo ka jira a tantance ka, abin da ya kamata a gama tun kafin a baro gida. Trip.com na ɗora kuɗin hidima, amma tana karɓar katin waje cikin sauƙi, kuma kana iya ba ta oda tun kafin a buɗe sayarwa, wanda ake yi kwana 15 kafin ranar tafiya. Ɗan kasuwar da zai je sau ɗaya, Trip.com ta ishe shi; mai zirga-zirga tsakanin Guangzhou da Yiwu duk bayan 'yan watanni, wahalar rajistar 12306 za ta biya kanta. Ko ta wace ka saya, babu takarda: fasfonka shi ne tikitin, shi za ka miƙa a ƙofar shiga, don haka sunan da lambar da ka rubuta su dace da na fasfo harafi da harafi. Guangzhou tana da manyan tashoshi da dama, kuma yawancin jirage masu sauri daga Guangzhou South suke tashi, wadda ke da nisa sosai daga unguwar Xiaobei inda 'yan Afirka suka fi sauka. Ana binciken kaya a bakin tasha kamar filin jirgin sama, ana kuma rufe ƙofar dandamali 'yan mintoci kafin tashi, saboda haka a ƙara aƙalla minti 40 a kan duk lokacin da taswira ta ce za a isa tashar.